Yadi Goma Tsakanin Odell da Cleotis

Ranar Alhamis da hantsi, Odell Pettway na tsugune yana duba iskar tayar motarsa, sai waya ta yi ƙara. Renita ce, 'yar amininsa Cleotis Gandy.

"Kawu Odell, Baba ya rasu. A kujerarsa ta baranda Mama ta same shi, ko kofinsa bai shanye ba."

Odell ya ce to, ya sake cewa to. Ya shiga ɗaki ya fito, ya zauna ya miƙe, ya zagaya bayan gida bai san abin da ya kai shi ba. Kafin rana ta take an bugo daga ofishin wasanni na kwalejin Tillery, aka yi masa gaisuwa, sannan cikin dabara aka tambaye shi ko zai riƙe sarƙar awo a wasan ranar Asabar, don sun sami wanda zai tsaya a gurbin marigayi. Ya ce zai kira su. Ya shiga mota ya kama hanya, shi dai ya ga kansa a bakin filin wasa.

Cleotis haifaffen Tillery ne, bai taɓa yin wata guda a wajen jihar Mississippi ta Amurka ba. Shekara ashirin da takwas yana tuƙa motar 'yan makaranta, ya san sunan kowane yaro da na kakarsa. Gajere ne, ga baki kamar rediyo. Ya so buga ƙwallon Amurka, wadda ake jifa da hannu, yana saurayi, koci ya dube shi sama da ƙasa ya ce ya koma gida ya ƙara cin burodin masara. Bai yi zuciya ba, ya yi ta zarya a bakin fili har aka danƙa masa sanda. Shekara talatin da ɗaya ke nan duk wasan gida shi ke riƙe da sanda ɗaya, Odell na riƙe da ɗayar, sarƙa mai yadi goma a tsakaninsu, wadda da ita ake auna ko ƙungiya ta ci tazarar da za ta ci gaba da riƙe ƙwallo.

Aikin yana da doka. Mai sarƙa mutumin alƙalan wasa ne, ba ya tafi, ba ya ihu, ba ya ɗaga sandarsa sai alƙali ya yi masa hannu. Ga mutum irin Cleotis wannan azaba ce. Sai suka ƙirƙiro tasu hanyar: fizga ɗaya a sarƙa, "ka gani ko?" Fizga biyu, "rufe mana baki." Da haka suka yi gardamar shekara talatin a gaban dubban mutane ba wanda ya ji.

Gardamar bana ta fi ta kullum zafi, a kan wanda ya kamata ya fara wasa a matsayin mai jifa, shi da ke jan ragamar ƙungiya. Akwai Tavares Boykin, ɗan ajin ƙarshe, mai natsuwa, ba ya jifa sai ya duba ya sake dubawa. Akwai Jaquez Mims, sabon shiga, hannu kamar majajjawa, kai kuwa ba birki. Gari ya rabu biyu, daga shagon aski har harabar majami'a. Duk Juma'a wajen suyar tarwaɗa a bayan gidan Cleotis, maganar ke nan.

"Tavares ɗinka kafin ya yanke shawara na gama cin kifin nan na wanke hannu," in ji Odell.

"Naka kuma fa? Rufe ido yake ya wurga, ya bar wa Ubangiji sauran aikin."

"Ai Ubangijin na karɓa."

"Tsoho, ji nan. Shekara uku yaron nan yana ɗumama benci, bai yi ƙorafi ba, bai gudu wata makaranta ba. Yanzu layi ya zo kansa ka ce a tsallake shi? A motata wanda ya riga zuwa shi ke fara hawa."

"To ai fili ba motarka ba ce, direba."

Vernell, matar Cleotis, takan leƙo ta taga ta ce in ba su bar wa maƙwabta kunnuwansu ba za ta juye musu man suyar a ka.

Asabar da ta wuce Tavares ne ya fara. Sau biyu yana jefa ƙwallo a hannun abokan hamayya, sau biyu Odell na fizgar sarƙa. Bayan hutun rabin lokaci koci ya sako Jaquez. Jifansa na farko ƙwallo ta tashi ta yi yadi hamsin ta faɗa hannun ɗan ƙungiyarsu. Odell bai san sanda ya saki sanda ba. Ya yi tsalle, ya kurma ihu, ya bi gefen fili da gudu, dattijo mai shekara sittin da bakwai. Ashe alƙali ya riga ya jefa tutar laifi, an soke jifan, ƙwallo za ta dawo inda take. Aka waiwayo neman wurin, sandar Odell na yashe a ciyawa.

Cleotis kuwa yana nan inda yake, ko ɗan yatsan ƙafarsa bai gusa ba. Daga sandarsa alƙali ya ja sarƙar, ya miƙe ta, wurin ya fito daidai. Odell ya dawo ya ɗauki tasa, 'yan kallo na yi masa dariya. Ya jira fizga, ko ɗaya ko biyu, kowacce ma. Har aka tashi sarƙar ba ta motsa ba.

Ran nan Cleotis bai shiga motar Odell ba, Renita ce ta kai shi gida. Lahadi a majami'a ya zauna can wani layi. Litinin shiru, Talata shiru. Odell ya ɗauki waya ya ajiye ya fi sau goma. Jita-jitar cewa ofis zai karɓe sandarsa ba ta dame shi ba kamar shirun mutumin da bai taɓa iya yin shiru ba.

Yanzu ga shi a filin, ba kowa sai mai yankan ciyawa can nesa. Ya taka yadi goma a gefen layi, ya juyo, ya sake takawa. Ina zai iya? Ya ɗaga ido ranar Asabar ya ga baƙuwar fuska a ƙarshen sarƙa, ya fizga a dube shi kamar mahaukaci? Ya ciro waya zai ce wa ofis su nemi wani a gurbinsa shi ma. Ya lalubo lambar, sai yatsansa ya tsaya, ya fasa kiran, don ya tuna jiya-jiyan nan da yamma Cleotis ya zo ƙofar gidansa. Bai kashe mota ba, bai sauko ba, gilashi kawai ya zuge.

"Kai, mai gudun fanfalaki. Gwiwar ta warke?"

Odell ya matso. "Cleotis, abin da na yi ranar nan..."

"Na ga abin da ka yi, duk Tillery ta gani. Daga ofis nake. Na ce musu in sun karɓi taka su haɗa da tawa."

"Ka ce musu haka?"

"To da wa zan yi faɗa? Kuma kada ka ɗauka na sauka. Tavares ne zai fara."

"Jaquez dai."

"Ka zo da wuri ka sha kunya." Ya saka giya, motar ta fara mirginawa, ya sake leƙo da kai. "Odell. Ko wa aka saka, ko sama za ta faɗo, kada ka kuma sakin sandar nan. Ka riƙe gefenka."

"Zan riƙe, ɗan'uwa."

"Asabar ke nan."

"Asabar."