Gawar da Ba a Gani Ba

Lukuman tela ne a Anguwan Rogo, amma in kana neman ɓacin ransa, kira shi tela. Shi a wurinsa ɗan fim ne, ɗinki riƙon ƙwarya kawai yake yi masa. Ya shekara ashirin yana bin 'yan fim bai taɓa wuce maigadi ba: ya buɗe ƙofa, ya ce "Sannu da zuwa, oga," shi ke nan. Matarsa Hussaina kan ce har a gida in an ƙwanƙwasa, shi ke riga yara tashi.

Sai wani darakta mai suna Ashraf ya zo daga Kano yin fim ɗin neman dukiya a tsofaffin ramukan kuza na Naraguta. Ana son wanda zai faɗa ɗaya daga ramukan da ya cika da ruwa ya zama tafki, jaruman duk suka noƙe, don ruwan ga zurfi ga sanyi. Lukuman kuwa a nan ya koyi iyo, a kansa ya sha bulala yana yaro. Aka ba shi matsayin ɗan jagora, wanda ya ceci jarumi, shi kuma ruwa ya haɗiye shi. Fim ya karɓu. Masu keke suka riƙa danna masa hon a titi.

Da aka tashi yin kashi na biyu, ya ɗinka wa kansa sabuwar riga ya tafi wurin darakta.

"Baba, ai ka mutu," in ji Ashraf. "Me zan yi da matacce?"

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya koma kan keken ɗinkinsa, ya daina zancen fim.

Ranar da aka nuna kashi na biyu a wani gidan kallo a Titin Bauchi, Hussaina ce ta ja shi dole. Fim ba gishiri ba magi: ramin na kwali ne, ruwan na kwamfuta. Mutane suka daure har aka zo wurin sadakar ukun ɗan jagora. Nan Ashraf ya yi kuskuren baƙo: ya sa an yi makoki ba a ga gawa ba. Mutanen garin nan kuwa, in tafki ya ci nasu, a bakin ruwa suke wuni har gawa ta taso, sannan a shimfiɗa tabarmar makoki.

Wata tsohuwa, Mama Esther, wadda tafkin ya ci ɗanta ba a same shi ba har yau, ta miƙe. "Wa ya ga gawan?" ta ce. "Ba a gan shi ba, bai mutu ba." Ɗakin ya ɗauka. Rabin jama'a suka fice suna maimaitawa, fim ya kwanta a kasuwa.

Ba a jima ba sai ga Ashraf a ƙofar shago. "Baba, mutanenka sun ce ba ka mutu ba."

Lukuman bai ɗago daga ɗinki ba. "Ni ma dai ban ji na mutu ba."

Ranar ɗaukar kashi na uku, gaɓar tafkin ta cika maƙil. Lukuman ya nutse, ruwa ya lafa, Hussaina ta ƙanƙame bargon da ta kawo masa. Can sai ga kai ya huda ruwa, furfura na ɗiga. Guɗa ta tashi, har Ashraf ya manta ya tsayar da kyamara.

Mama Esther ce ta fara isa gare shi. Ta riƙe hannunsa mai sanyi da hannu biyu. "Ɗaya dai ya dawo," in ji ta.