Gadon da Kaka Tanko Ya Ajiye Min

Assalamu alaikum. Kun ji ni shiru tun ƙarshen damina, ni da ba na wuni ban tsokani wani a nan ba. Ba lafiya ba ce. Bakina ne.

Da jini a jikin asuwaki abin ya faro. Na ce ƙarfin hannu ne. Sai dasashi ya kumbura, sai wari, har abokan hirata a tashar Birnin Gwari suka fara kau da kai in ina magana.

Ranar da na gatsa gasasshiyar masara na ji haƙoran ƙasa biyu sun motsa, ranar dariya ta ɗauke min. Ban kai talatin ba.

Na kurkure da ruwan gishiri, na danna kanumfari. Mugunya ba ta tsaya ba.

Daga asibitinmu aka tura ni Kaduna, sai da na sayar da masarar da na ajiye. Aka gwada suga, babu. Aka ɗauki hoton baki. Likitar ta nuna min yadda ƙashin da ke riƙe haƙoran ya zaizaye, ta ce in aka bar shi duka za su tafi. Sannan ta tambaya ko a gidanmu akwai wanda nasa suka zube da ƙuruciya.

Na ce sai marigayi kakana Tanko, shi kuwa dukansa aka yi. Kowa a gidanmu ya san labarin: zamanin Turawa an kwashe su aikin hanya a dajin Dogon Dawa, wani ɗan doka ya zubar masa da haƙora da kulki.

Cikin jikokinsa ni na fi damunsa. Wawulo nake kiransa, in kai masa rake in ce ya taya ni sha. Sai ya yi dariya da dasashi ya ce, "Yi abinka, ja'iri. Gona ta babanka ce, kai naka gadon daban na ajiye maka."

Likitar ta ce in koma gida in ƙara tambaya.

Na je Kusasu wurin ƙanwar Kaka, Iya Delu, wadda ita kaɗai ta rage cikinsu. Na tambaye ta labarin kulkin.

"Wane kulki?" in ji ta. "Aikin hanya kam ya je, amma da haƙoransa ya dawo. Ɗaya bayan ɗaya suka zube, kamar na uwarmu. Lokacin yana neman aure ne, kunya ta sa ya ɗora wa ɗan doka."

Nan na tuna Baba ma nasa sun tafi da wuri, muka ce goro ne.

Ba kaina kawai na yi wa tunani ba. Ƙanwata Hajara ta taɓa ce min tana tofar da jini da safe, na yi mata tsiya na wuce.

An kankare min ƙarƙashin dasashi bayan allurar kashe zafi, an ba ni magani, na yi ta zuwa ina dawowa. Haƙora biyun nan dai ba su tsira ba, an cire su. Sauran sun tsaya, jinin ya ɗauke.

Likitar ta ce raunin dasashin ake gada, dattin da ke taruwa a gindin haƙori shi ke tayar da ciwon. In an gano da wuri, ana tare shi.

Na kai Hajara. Nata bai taɓa ƙashi ba tukuna. Alhamdulillahi.

Na gode wa Allah, na gode wa likitar nan, da ku da kuka yi ta cigiyata.

Don Allah, jini a asuwaki ba wasa ba ne. Ku wanke baki safe da dare, ku je asibiti tun haƙori bai motsa ba. Ku tambayi tsofaffinku yadda aka yi nasu suka zube, in sun ba ku labari ku sake tambaya.

Yanzu yaran gidanmu Wawulo suke kirana, jiya har da mai kawo min rake. Na karɓa.

Allah Ya jiƙanka, Kaka. Gadon ya iso, amma in sha Allahu daga kaina ba zai ƙara cin bakin kowa ba.