Na Je Ɗanbatta a Kan Mutuwar Malam Ilu

Ana sallame asuba muka fito, ni da ƙanina mai babbar waya. Abin da ya fitar da ni ko faɗinsa kunya nake ji, amma ga shi.

Inna shekararta biyar ba ta gani. Rediyo ce abokiyar hirarta, kuma akwai wani labari da ake karantawa duk Asabar, na mutanen da ruwa ya ƙare musu a duniya, suka shiga jirgi suka nufi wata tauraruwa. Cikinsu akwai wani tsohon manomi mai yawan tari, Malam Ilu, da ya ɗaure irin gero a ƙugunsa. A rediyo ya sauka lafiya, ya yi shuka. Sai aka yi fim ɗin labarin. Ƙanina ya kunna a waya, ni ina gaya mata abin da ake nunawa. A fim kuwa a hanya Malam Ilu ya mutu, aka saki gawarsa cikin duhun sama, wurin kuma ba magana sai kiɗa. Haka na gani, haka na faɗa. Ta ce ƙarya na shara mata don na ga ba ta da ido. Ƙanina ya ba da shaida, ta ce bakinmu ɗaya. Kwana tara ba ta amsa gaisuwata, goron da na aika ma dawo da shi ake yi. Ina da furfura, amma fushin uwa ya hana ni sakat. Na tuna a rediyo an ce mai labarin malamin makaranta ne a Ɗanbatta.

A Zakirai muka samu mota. Kuɗin ya ninka na bara, motar kuwa ita ce dai ta bara, an cusa mu huɗu a baya da akuyar wani bisa ƙafata. Kaka ce, an yanke gero, dawa na tsaye, mata na tsinkar gyaɗa. Gona manne da gona, ba ka ganin ko taku ɗaya na banza. Damina ta cinye titin bayan Gezawa, direba yana ta ratse kamar mai gudun macizai. A Kunya muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, ko nan ma an ji tsadar wake.

Ranar kasuwa muka tarar a Ɗanbatta, shanu da buhunan gyaɗa sun toshe hanya. Wani mai sayar da littattafai ya kwatanta mana gidan malamin. Mutumin siriri ne, hannunsa duk alli. Ya shimfiɗa mana tabarma a soro, aka kawo ɗanwake mai yaji, na gaya masa abin da ya kawo ni. Sai ya dafe kai. Ya ce wanda ya fito a Malam Ilu aiki ya samu a Legas ana tsakiyar ɗaukar fim, mai fim ya kashe tsohon a labarin, bai ko yi wa shi mai labarin waya ba. Samari na ta damunsa a waya, har yau ba shi da amsa.

"Ka ce wa Inna duk ƙirƙira ce," in ji shi.

Na ce, "Malam, ta san ƙirƙira ce. Ni take cewa maƙaryaci."

Na tambaye shi shekara nawa jirgin ya yi a hanya. Ya ce a littafi arba'in, rediyo ce ta tsallake shafin. Na ce to ai tsoho ba ya ƙara arba'in, irin gero ma ba ya kai haka sai in ana sabunta shi. Kuma ba akwai matar ɗansa mai ciki a jirgin ba? In tsoho ya rasu aka haifi namiji a gidan, sunan wa ake maida masa? Sai ya tashi ya shige gida ba takalmi. Ya dawo da biro. Ni da ban gama firamare ba, malami ke rubuta maganata.

Ya karɓi wayar ƙanina ya naɗa wa Inna murya, ya gaishe ta da girmamawa, ya ce tsohon ya rasu a hanya kamar yadda ɗanta ya faɗa, wanda ya sauka ya yi shuka jikansa ne mai sunansa. Shi ne mai labarin, abin da ya ce ya zauna.

Kafin magariba muna gida, bayana kamar an yi min duka. Inna ta sa aka maimaita mata sau biyu. Sannan ta juyo inda nake tsugune.

"To me ya sa jikan yake tari irin na tsohon?"

Na ce gado ne, Inna.

Ta ce, "Kai dai ba ka iya ba da labari ba tun kana yaro. Ka ci abinci kuwa?"

Abin da na koyo, masu rediyo da masu fim ba sa sauraron juna, tsofaffinmu ne ke sauraronsu duka. In an sake kashe wani a fim, ƙanina ne zai faɗa mata.