Audugar da na cusa wa ordinatar

Da kukan zanzaro abin ya fara. Ina tsintar wake a bakin ƙofar ɗaki da hantsi, sai na ji wannan siririn zuuu ɗin da yake yi idan yana yaɓa laka. Na duba bayan kwaba, na duba ƙarƙashin gado, babu. Sai da na durƙusa na ga ya fito daga ramukan da ke bayan ordinatar ɗin ɗiyata, wato kwamfutarta, ya nufi gindin randa ɗebo wata lakar.

Ƙanen maigidana ne ya aiko da ita daga Yamai, inda yake aikin haɗa irinsu. Ba ta ɗorawa a cinya ba ce, baƙar akwati ce mai nauyi, da allon kallonta dabam. Ya aiko ta ne a shekarar da amosanin jini ya ci ƙugun ɗiyata na hagu, har aka ce ta dakata da zuwa lakkwal, makarantar boko. Ɗiyar fari ce, ba na kiran sunanta, ba kuma a takarda zan fara ba. Shekararta goma sha biyu a lokacin. Babanta majo ne, wato shugaban malaman jinya, a gidan likita na can wajen Dogon Kiriya, sai ƙarshen mako yake shigowa garinmu Dutsi. Ƙannenta suna fita tun da safe. Daga ni sai ita muke yini.

Da farko ban so na'urar ba. Na tambayi malamar islamiyyarmu, ta ce in dai ba ta hana yarinya salla ba, in bar ta. Ba ta hana ta ba kuwa. Da an kira azahar za ta ajiye, ta jawo sandarta. Wasan da ta fi so na wani mai gudu ne a daji, yana tsallake rafi, yana hawan duwatsu. Ina daka a tsakar gida ina jiyo ta tana cewa, "Tsallake! Tsallake mana!" Rabon da in ji ta ɗaga murya haka tun kafin ƙafar. Duk abin da ya rage mata na yini, a cikin akwatin nan yake.

Shi ya sa da na ga zanzaro hankalina ya tashi. Na san aikinsa, ya taɓa toshe mini bututun buta, ya taɓa kashe wa babanta rediyo. Na samo auduga, na yi ta murzawa ina cusawa da tsinken tsintsiya, rami bayan rami, baya da gefe, har ban bar ko na shigar tururuwa ba. Sannan na ɗauko ragowar atamfa na ɗinka mata riga, har da leshi a baki, kamar yadda na yi wa talabijin da keken ɗinki. A gidanmu haka ake yi wa abin da ake ji da shi. Na tuna har daɗi na ji da na gama.

Bazara ta shigo. Na'urar ta fara gurnani kamar injin niƙa da ke nesa. In na dafa rigar sai in ji ta da ɗumi, in ce ai zafin gari ne, mu ma haka muke. Sai mai gudun ya fara tsayawa. Yana cikin tsalle sai ya maƙale a iska, ya daɗe, sannan ya faɗo. Ɗiyata ba ta yi ƙorafi ba. Ni ce na gani, na gaya wa baffanta na Yamai a waya.

"Matar yaya, ke ma kin fara wasan ne a ɓoye?" in ji shi, yana dariya. Ya ce katin da ke zana hoton ne ya tsufa, yana da wani mai ƙarfi, zai bayar a kawo.

Katin ya iso cikin kwali a motar Yamai. Muka kira wani dattijo mai gyaran waya da ordinatar a kusa da tasha. Ya zo da 'yar jakarsa, ya yi sallama, ya zauna a tabarma. Ya yaye rigar atamfar ya ajiye a gefe. Da ya juya akwatin ya ga audugar, sai ya cire tabarau ya dube ni.

"Hajiya, wa ya yi wanga aiki?"

Na ce ni ce, saboda zanzaro.

"Zanzaron dai bai shiga ba," ya ce. "Iska ma ba ta shiga ba."

Ya buɗe ciki ya nuna mini wani ɗan abu mai kusurwa huɗu, bai kai kwalin ashana ba, a ƙarƙashin fanka. Ya ce shi ne furosesa, shi ke tunani, shi ke gaya wa katin abin da zai zana. In ya ji zafi sai ya rage sauri don kada ya ƙone, kuma wannan ya yi wata da watanni yana dahuwa. Na yi kolej, na san zafi yana neman hanyar fita, mun rubuta shi a littafi. Ban taɓa haɗa wannan karatun da akwatin da ke ɗakina ba.

Ya zare audugar da hantsaki, ya tara ta a gefen tabarma. Ta yi baƙi. Ɗiyata tana kan gado tana kallo. Ya shafa wa furosesan wani farin mai, ya sa sabon katin, ya kunna. Hoton ya fito tar, har ganyen itatuwa ana iya ƙirgawa. Mai gudun ya yi gudu, ya yi gudu, sai ya tsaya. Bai daɗe kamar dā ba, amma ya tsaya.

"Kin san lugude?" in ji dattijon. "Budurwa da tsohuwa a turmi guda. Budurwar ta ɗaga taɓarya, amma dole ta jira tsohuwar ta sauke tata. Katin ga budurwa ne. Furosesan ga tun can tsoho ne, ga shi kuma ya sha wuta."

Na ce to a canja shi.

Ya ce babu irinsa a Dutsi, ko Doso da wuya. Sai an kai akwatin gaba ɗaya Yamai. Kuma allon da furosesan ke zaune a kai shi ma tsoho ne, ba lalle ya karɓi sabo ba. "In tawa ce, sai in bar ta hakanan. A bar mata gefe buɗe, a riƙa sa mata fanka. Tana tafiya ai."

Babanta da ya zo ranar Asabar, shi ma haka ya ce. Baffanta ya ce in an aiko zai gwada, mako biyu ko uku, amma bai yi alkawari ba.

Ni kuwa na kasa. Duk lokacin da mai gudun ya maƙale, sai in ji kamar da hannuna na riƙe shi. Na kan tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya ina jiran ya tsaya. Na yi istihara, amma gaskiyar magana na riga na yanke abin da nake so kafin in shimfiɗa darduma, Allah ya yafe mini. Na yi ta yi wa babanta naci, a waya da a fili, har ya ce, "Ki yi yadda kika gani." Na tambayi kowa a kan maganar nan, har maƙwabciyata da ba ta san bambancin ordinatar da firji ba. Ita da ke wasan ce kawai ban tambaya ba. Na dai gaya mata cewa za a kai a gyara, ta dawo sabuwa. Ta ce, "To, Inna."

Na naɗe akwatin a bargo, na ɗaure da igiya, na raka ta tasha da kaina. Na roƙi direban kada a ɗora mata buhu.

Mako uku suka wuce. Baffanta ya kira, muryarsa babu wasan da ya saba. Sabon furosesan bai zauna a tsohon allon ba. Wajen mayar da tsohon kuma, wasu 'yan siraran ƙafafu na mazauninsa sun lanƙwashe, yanzu ko kunnuwa ba ta yi. Sai an samo wani allon, ya sa a nemo masa daga waje, bai san ranar zuwansa ba. "Ki yi haƙuri, matar yaya." Na ce ba laifinsa ba ne.

Damina ta sauka. Sanyin ruwa ba ya yi wa masu ciwonta daɗi, sau biyu muka kwana likita a watan nan. Da muka dawo gida ba abin da ke jiranta sai allon kallon a kan tebur, da wayoyi a zube. Na ba ta wayata ta yi wasa, ta riƙe kaɗan ta mayar mini. Na kawo mata littattafan lakkwal, na koya mata saƙa, ta yi layi biyu don ta faranta mini. Yawanci tana kwance ne ta juya wa ƙofa baya. Ina daka, ba na jin komai daga ɗakin. Wani lokaci sai in ajiye taɓarya in leƙa, don kawai in ga tana numfashi.

Har yau da nake rubutun nan akwatin tana Yamai.

Wata ranar Laraba bayan la'asar, ruwa ya ɗauke, na zauna a bakin gadonta ina shafa mata man zafi a gwiwa. Na ce mata baffanta ya ce an kusa. Sai na ji bakina yana faɗin abin da na daɗe ina riƙewa. Na ce ta yafe mini, ni na toshe ramukan, ni na ɓata mata, kuma na so ne in mayar mata da ita yadda take.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi fushi ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta gyara ƙafarta da hannu biyu, sannan ta ce:

"Inna, ai ni ban ce a gyara ta ba. Na riga na san wuraren da yake tsayawa. In ya tsaya, jiransa nake yi."