Uku a Dama, Biyu a Hagu

Shekara biyu ke nan da rasuwar Kaka Talle, ƙanen kakata, wanda aka binne a nan Doha ba tare da ko mutum ɗaya daga gidanmu ya tsaya a bakin kabarinsa ba, har da ni da nake cikin garin. A cikin bas ɗin da nake tuƙawa nake rubuta wannan, ina jiran 'yan kallon ƙwallon gasar cin kofin duniya su fito daga fili. Duk wanda ka gani cikinsu da fasfonsa a aljihu, ya san ranar komawarsa gida. Shi kuwa ya haura shekara sittin a ƙasashen Larabawa bai taɓa riƙe takardar da ta faɗi inda ya fito ba.

Tun muna yara a ƙauyenmu na ƙasar Katsina muke jin labarinsa. Yana goye iyayensa suka rasu, dangi kuma kowa ya ce nasa bakunan sun ishe shi. Da ya kai shekara bakwai sai wani alhaji mai tafiya Makka ta ƙasa ya ce a ba shi yaron ya riƙa riƙe masa buta, zai dawo da shi da karatu. Shiru kake ji, ba alhaji ba yaro. Yayarsa, kakata Inna Delu, ita kaɗai ce ba ta daina sa sunansa a addu'a ba.

Wata Juma'a, a shekarata ta biyu da zuwa aikin tuƙi, na fito daga masallaci a unguwar Fereej Abdel Aziz sai na ga wani tsoho baƙi cikin farar jallabiya yana zuba Larabci, ga tsaga irin ta gidanmu a kumatunsa. Na yi masa sallama da Hausa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya amsa da wata irin Hausa ta ƙaramin yaro, wadda ta tsaya a inda ya bar ta. Sa'idu ake kiransa a nan, in ji shi, amma can da Talle ne. Ya faɗi sunan ƙauyenmu, ya faɗi tsamiyar bakin rijiya, ya ce yana da Yaya Delu.

Alhajin a hanya ya rasu, yaron ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu. Ya yi kiwon raƙuma, ya yi gadin ƙofar wani gida a unguwar Ain Khaled har maigidan ya rasu, 'ya'yansa suka bar masa ɗaki da abinci. Bai taɓa cewa sun wulaƙanta shi ba. Abin dai shi ne a gidan kowa ya san shi, a filin jirgi kuwa babu shi. Muka shiga wasan jika da kaka kamar mun taso tare. Ina ce masa Balaraben jabu, yana ce mini mai fuskar ƙwai, don mu zamaninmu an daina tsaga. Kowace hira kuma wuri ɗaya take ƙarewa: “Yalla, jika, tashi ka kai ni wurin Yaya, khalas, shi ke nan.”

A ofishin jakadanci suka ce abin mai yiwuwa ne, in dai dangi za su rubuto takardar shaida da sa hannun dagaci. Na tura hotonsa wa Baffa Sale, babban ɗan Inna, wanda gida ke hannunsa. Baffa ya ƙirga tsagar ya ce tamu uku-uku ce, wannan kuwa uku ce a dama, biyu a hagu, don haka ba namu ba ne, wani ne ya ji labari yana hangen gona. Ya kuma ja mini kunne kada Inna ta ji, tana fama da hawan jini, ga ido ya tafi. Inna ba ta da waya, ta hannun Baffa nake gaishe ta. Na ce to. Na kira wannan biyayya ga manya, amma yau zan faɗi sunansa na gaskiya, tsoro ne. Shi kansa Kaka da na tambaye shi bai tuna dalilin rashin cikar tsagar ba, zafin askar kawai ya tuna.

Ana cikin haka korona ta zo. Aka rufe masaukinmu na kusa da Asian Town, ba shiga ba fita, shi kuma yana can cikin gari tari ya kama shi. Kullum ya kira ni tambayarsa ɗaya ce, ko takarda ta iso. Kullum amsata ɗaya ce, tana hanya. Ƙarya nake yi masa, har ranar da wayarsa ta daina shiga. Daga asibiti aka turo mini hoto in tabbatar shi ne, an sauke masa takunkumi zuwa haɓa. Na tabbatar. Wasu da ban sani ba suka yi masa salla.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga Doha ta yau. Ina jin ƙwallon ba za ta dame shi ba. Zai sa in ɗauke shi a bas ne ya zauna a kujerar gaba yana duba fuskokin baƙaƙen fata ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya saba yi a ƙofar masallaci. In ya gaji ya ce duk duniya ta zama masu fuskar ƙwai. Ni ma an soke mana hutu sai an gama gasar, kuma gaskiya ban yi baƙin ciki ba, don ban san da wace fuska zan shiga ɗakin Inna ba.

Makon jiya matata Hadiza ta je gaishe ta, Baffa yana kasuwa, ta kira ni ta miƙa mata waya. Ban shirya ba, bakina ne ya riga ni. Na faɗa mata komai, tun daga masallaci har zuwa hoton asibiti.

“Ka ga fuskarsa da idonka?” ta ce.

Na ce na gani, amma tsagar ba ta cika ba, shi ya sa Baffa ya hana.

“Nawa ce?”

“Uku a dama, Inna, biyu a hagu.”

“Ba a yi masa tsagar ranar suna ba, ana zaman makoki,” in ji ta. “Ana gobe za su tafi da alhajin na roƙi wanzami ya yi masa, don kada ya ɓace mana. Ni na riƙe kansa. Saura ɗaya ya dube ni yana kuka, na kasa, na sake shi.”

Kaka Talle bai bar gida ba, bai bar ɗa ba, kabarinsa ma lamba ce a kansa. Abin da ya bari shi ne tsagar nan da ba a ƙarasa ba, wadda ita ce shaidar da muke nema, kuma mai shaidar tana zaune a ɗakinta duk tsawon lokacin, tambaya ɗaya ce tsakanina da ita. Allah ya jiƙansa, ya yafe mini.

Jiya Inna ta sa Baffa ya rubuta takardar, dagaci ya sa hannu. Ta ce a aiko mini da ita duk da haka, in je kabarin Kaka in karanta masa.