Ranar Da Kunnena Ya Bushe

Shekarun baya, duk gidanmu sun yarda cewa ranar da kunnena ya daina zubar da ruwa ita ce ranar da na warke. Ba haka ba ne. Lokacin ne na fara rasa shi, kuma har shinkafa aka dafa don murna.

Tun ina aji biyu a sakandare kunnena na hagu yake ruwa. Ba ruwa ba ma, mugunya ce, mai wari. Auduga nake cusawa in ja hijabi, in zauna can ƙarshen benci don kada a ji. Mahaifiyata ta gwada duk abin da aka gaya mata: manja mai ɗumi, ruwan albasa, maganin ɗigawa na kemis. Ni ma ba waliyyiya ba ce. An taɓa ba ni ƙwayoyi na kwana bakwai, na sha na kwana uku, na ga sauƙi, na watsar da sauran bayan katifa.

Sai maƙwabciyarmu a Akurba, mai sayar da doya, ta kawo wani mai a kwalba daga garin Assakio. Muka yi wata guda ana ɗigawa. Wata safiya na zare audugar, na gan ta fes.

Matar ta daki ƙirji ta ce, "Maman yara, ban faɗa ba? Yarinya ya warke!"

Daga nan aka fara ce min mai kunnen ƙashi. Mama ta kira ni sau uku daga kicin ban amsa ba, ta fito da muciya. Na ce ban ji ba. Ta ce, "Dama yaushe kike ji?" Da yake bakina ba ya shiru, kowa ya ɗauka rashin kunyar da aka sani ce ta ƙaru. Shekara biyu muna haka. Sai da jiri ya kayar da ni a bakin famfo, jini ya biyo wuyana, sannan aka kai ni asibiti.

Likitar mace ce. Ta haska kunnen ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ba bushewa ya yi ba. Nama ne ya tsiro ya toshe hanya, mugunyar tana ciki."

Na ce, "Nama kamar yaya? Wa ya shuka shi?"

Ta ce jikina ne. Wai bayan dodon kunne akwai ɗan ɗaki mai shimfiɗar fata siririya. In ƙwayoyin cuta suka shiga, ƙwayoyin halittar wannan fatar sai su riƙa aika wa juna saƙo: an shigo mana, ku ƙaru, ku yi kauri. In an kashe cutar da wuri, saƙon ya tsaya, fatar ta koma yadda take. In cutar ta zauna, saƙon ba ya yankewa. Wannan ta gaya wa waccan, waccan ta gaya wa ta gaba, suna ta ƙaruwa har ɗakin ya cika. Nawa ya cika ya leƙo ta hujin dodon kunnen, kuma kumburin ya cinye ƙananan ƙasusuwan da ke kai sauti.

Na ce, "To a gaya musu su daina mana."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Yadda za a gaya musu ɗin ake ta bincike har yanzu."

Sai Mama ta sa baki. Ta ce, "Likita, da mun zo da wuri fa?"

Likitar ta dube ta, ta ce, "Mama, bari mu yi maganar tiyata."

An yi tiyatar, an kwashe naman, wari ya tafi. Jin bai dawo ba. Ta hagu, murya tana zuwa min kamar ina nutse a cikin randa. In ana hira mutum biyar, murmushi kawai nake yi kamar wata mai haƙuri. Abin da ya fi ci min rai, ba wanda ya yi mugunta. Mama taimakona take yi, maƙwabciyarmu ma haka, har naman da ya kurmantar da ni kare ni ya zo yi. Ban san wa zan yi wa masifa ba, ni da masifa ce sana'ata.

Ranar da aka sallame ni, a keke napep, Mama ta zauna ta haguna. Muna kan hanya na ga bakinta yana motsi, hawaye na zuba. Ta daɗe tana magana. Ga ƙarar inji, ga bandeji, ko kalma ɗaya ban kama ba. Na gyaɗa kai na ce, "To, Mama." Ta riƙe hannuna kamar na ba ta amsar da take jira.

Har yau ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma ban san abin da na amsa ba. Yanzu ta fara manta abubuwa, jiya a waya sau biyu ta tambaye ni ko na ci abinci. Gobe zan je gida, in zaunar da ita ta damana, in ce ta maimaita, in tana tunawa.