Ƙauyen da Ya Fito Sau Biyu

Shekarar fari, zamanin mulkin soja, ina zanen taswira a biron jiha, wato ofishin gwamnati, a Maraɗi. Kwamanda ya ce in haɗa tamu da ta Tsibiri da ta Jiratawa, don mahaƙa rijiya su san inda za su fara. Taswirorin suka ƙi haɗuwa, wani ƙauye ya fito gabas da gulbi, ya sake fitowa yamma. Zama ya gagare ni, na hau babur na yi ta yawo, har na iske wani tsoho cikin kangon ƙauyen.

Na ce, "Baba, ina mutanen garin?"

Ya ce, "Sun bi ruwa tsallake, ɗana."

Na tura babur cikin yashin gulbi, na same su, na sa alamar ƙauyen can a taswira.